Ƙafar Malam Ilu da Raƙumin Bayan Rumfata

Ran nan na biyo ta gaban shagon walda na bakin tasha a Gwarzo, na tarar da ku kuna haɗa kekunan guragu da wata ƙungiya ta ba ku aikinsu. Na ji ɗayanku, mai jar hular nan, yana cewa ai wannan aiki ba ya buƙatar tunani, ƙarfe ne ka lanƙwasa, ka ɗaura taya uku, ka watsa fenti, mai shi ya hau ya yi godiya. Ban tanka masa ba, don ba ni da sauran muryar da za ta yi gardama da injin walda. Amma na dube shi da kyau, na ga kaina sak a zamanin da gyaɗa take sarauta a ƙasar nan. Ni ma haka nake da cika baki, har sai da wata dabba ta gyara mini zama.

Sunana Haladu, masassaƙi ne ni, kuma a Kabo na koyi sana'a wurin Baba Ɗanlami. Turmi da taɓarya da ƙota da akushi su ne abincinmu. Amma akwai wani aiki da Baba yake yi a gefe, wanda sauran masassaƙa ba sa so, wato kayan mutanen da yanzu na ji ana kira masu buƙata ta musamman. Sunan ya yi mini daɗi. Mu a da gurgu muke cewa, da makaho, da kuturu. A lokacin babu ofis a yankinmu da za a je a ce a ba mutum keke ko sanda. In cuta ta shanye wa mutum ƙafa, danginsa su ɗora shi a jaki su kawo shi wurin masassaƙi, masassaƙi ya haɗa kai da maƙeri da baduku, a yi masa abin da zai rage masa wahala. Kayan aikinmu kuwa ba su wuce gatari da gizago da zarto da magagari ba, sai wuƙa mai kaifi da basilla da fasasshiyar kwalba ta goge ice.

Aikin farko da Baba ya sakar mini ni kaɗai shi ne takalman hannu, na wani bawan Allah mai rarrafe da ke sayar da goro a kasuwar Kabo. Guntayen ice ne biyu masu mariƙi, mutum ya kama su ya dogara, kada tafin hannunsa ya taɓa ƙasa mai zafi ko ƙaya. Na sassaƙa su da sauri na kawo wa Baba ina murmushi. Bai ko karɓa ba. Ya ce in durƙusa in kama su, in rarrafa daga rumfarmu zuwa wurin masu nama in dawo. Ranar kasuwa ce fa, kuma ina saurayi mai ji da kansa, har da 'yar da nake nema tana tallan fura a layin. Na rarrafa. Kafin in kai wurin masu nama mariƙin ya sale mini hannu biyun, na dawo ina hura su. Baba ya ce to, ni na yi tafiyar da ba ta kai shan ruwa ba ina kuka, mai goro kuwa da su zai wuni. Na koma na goge mariƙin da kwalba har ya yi santsi, na shafe shi da man gyaɗa. Yarinyar dai wani ta aura, kuma ban ga laifinta ba.

Wannan ita ce ƙa'idar Baba, duk abin da ka yi wa mutum sai ka ɗanɗana shi da jikinka. Sandar hammata, sai ka rataya a kanta ka ji ko audugar da aka cusa a fatar ta isa. Takalmin kuturu, wanda muke yankawa daga tsohuwar tayar mota, ba a sa masa ƙusa ko ɗaya, ɗinki ake yi, domin ƙafarsa ba ta jin zafi, ƙusa za ta iya cinsa har ƙashi bai sani ba. In ka gama sai ka zura hannu ciki ka lalube, Baba ma har da leɓensa yake shafawa. Na riƙe wannan ƙa'ida da kyau. Abin da ban sani ba shi ne rabinta kawai na riƙe.

Da Baba ya yaye ni, sai na dawo Gwarzo na kafa rumfa kusa da sikelin Alhaji Mudi, mai sayen gyaɗa. Wurin ya yi mini daidai. Da kaka jakuna da raƙuma suna sauke buhuna, motoci suna kwasa zuwa Kano, direbobi suna yar da tsofaffin tayoyi ina tsinta. Matsalata ɗaya ce a wurin, wani tsohon raƙumi da Buzaye suka bar wa Alhaji Mudi saboda ya gaza doguwar tafiya, ana kai taki gona da shi. A bayan rumfata ake ɗaure shi. Zanar da na kewaye rumfar da ita ya mayar abin taɓa ka lashe, kullum sai ya miƙo wuya ya zare kara. In na kore shi ya dube ni daga can sama, da wannan leɓen nasa a sake, kamar mai bina bashin gaisuwa. Mun daɗe muna gaba da shi, kuma duk kasuwa ta san da zancen.

Wata rana da rani aka kawo mini Malam Ilu daga Madadi a kan jaki. Manomi ne, ya ɗan girme ni, mai faɗin ƙirji da ƙarancin magana. Kububuwa ce ta sare shi yana cirar gyaɗa a kakar da ta wuce, aka yi ta maganin gida har ƙafar ta lalace, da aka kai shi asibiti a Kano sai suka yanke ta ƙasa da gwiwa kaɗan. Wanda ya jawo jakin yayansa ne, Bawa, shi ne babba a gidansu. Bayan mun gaisa, mun tambayi gida da iyali da gajiyar hanya, na yi wa Ilu jaje, sai Bawa ya ce sanda kawai suke so, mai ƙwari, wadda za ta jure zaman birni.

Na gane abin da yake nufi, don haka ake yi a lokacin. In mutum ya nakasa, akan kai shi birni a damƙa shi ga sarkin guragu, a ba shi wurin zama a bakin masallaci ko kasuwa, ya ci daga sadakar jama'a. Kada ku ɗauki Bawa mugu. A ganinsa taimakon ƙanensa yake yi. Ya ce gonar gyaɗar da Ilu ya gada ba za ta zauna haka ba, ga haraji, ga yara, gara shi ya haɗa ta da tasa ya nome, ya riƙe iyalin, Ilu ya tafi inda irinsa suke samun abin sawa a baki. Duk wannan bayani Ilu kansa a sunkuye yake. Sai da yayan ya gama ya ɗago ya dube ni.

"Malam Haladu, ni ba sanda nake so ba. Ƙafa nake so, wadda zan shiga gona da ita."

Bawa ya girgiza kai, ya ce sun sha yin wannan magana a gida. A gabana suka yanke maganar. Huɗa dai maƙwabta za su yi wa Ilu gayya saboda zumunci, amma gayya ba ta zama a gonar mutum duk damina. In lokacin shukar gyaɗa ya zo Ilu ya shuka gonarsa da kansa, jama'a suna gani, gona tasa ce, ba wanda zai sake yi masa maganar birni. In ya kasa, Bawa ya shuka, Ilu kuma ya hau motar gyaɗa zuwa birni. Ni da ban taɓa yin ƙafar ice ba, sau ɗaya kawai na ga Baba ya yi, na bugi ƙirji na ce su ɗauka an gama.

Na shiga daji na samo gwafar marke busasshiya, mai reshe biyu. Na fafe tsakanin rassan inda gwiwa za ta zauna, dungun ya leƙa baya, na bar reshe ɗaya dogo ya bi cinya har ƙugu. Baduku ya yi mini matashi na fata cike da auduga, da maɗaurai masu ƙarfi. Har nan aiki ya yi kyau, ko Baba ba zai kushe ba. Daga nan ne shaiɗanin ado ya hau ni. Na fiƙe ƙasan ƙafar siriri don ta yi kyan gani, na kai wa maƙeri ya sa mata baki na ƙarfe irin na sandar manya. Na ƙona wuƙa na yi mata zane daga sama har ƙasa, na sa baduku ya ƙara jar fata da tuntaye. Wai ni so nake duk wanda ya ga Ilu ya tambayi wanda ya yi.

Ban manta da ƙa'idar Baba ba. Na lanƙwashe gwiwata na ɗaura ƙafar, na zaga kasuwar Gwarzo da ita daga layin masu hatsi har sikeli. Ƙasar kasuwa kun san ta, ƙafar mutane da kofaton jakuna sun daɓe ta ta yi tauri kamar tsakar ɗaki. Ƙarfen yana bugawa ƙwas ƙwas, mutane suna fitowa kallo, ni kuwa baki har kunne. Na ɗanɗana da jikina, ba inda ta ci ni, ba inda ta goce. Da Ilu ya zo ɗauka ya gwada, ya miƙe tsaye karo na farko tun da aka yanke shi, idonsa ya kawo ruwa. Ya juya ta ya dubi bakin ƙarfen, ya tambaye ni a hankali ko za ta shiga gona. Na ce masa wannan ƙafa ko Makka ya nufa da ita sai ta kai shi.

Duk bazara yana koyon tafiya da ita, daga gida zuwa masallaci, daga masallaci zuwa bakin rijiya, har ya ajiye sanda. Sau ɗaya ya aiko mini da wani mai zuwa kasuwa cewa in ya taka rairayi tana ɗan nutsewa. Na aika masa cewa sabon ƙarfe ne, zai saba. Har yau in na tuna wannan amsa sai in rasa a wace makaranta na karanto ta.

Damina ta zauna, aka gama da gero da dawa, gayya ta yi wa Ilu huɗa. Aka samu ruwa mai kyau, aka aiko mini cewa gobe da safe zai yi shuka. Na sa rigata ta sallah na tafi Madadi, don a ganina ranar karɓar yabo ce. Na tarar da mutane a bakin gonar, tsofaffi a gindin wata ɗorawa, Bawa a tsaye shi kaɗai ya harɗe hannu. Wani maƙwabci ya riga ya bi kunyoyin farko da sungumi ya sare ramuka. Ilu ya ɗauki ƙoƙon iri ya yi bisimilla.

Ku da kuka tashi a gari bari in gaya muku yadda ake shuka, don nan maganar take. Mutum yana jefa ƙwaya a rami, sannan ya ɗaga ƙafa ya turo ƙasa da dunduniya ya danne. Mai ƙafa biyu ba ya ko lura da cewa a wannan lokacin duk nauyinsa yana kan ɗaya ƙafar. Ilu dunduniya ɗaya gare shi, da ita zai rufe iri, ke nan kowane rami sai ya tsaya a kan icena shi kaɗai. Ƙasar kuwa jigawa ce, sabuwar huɗa, ta sha ruwa ta yi laushi kamar garin tuwo. Ni ɗan manomi ne, na yi shuka tun ina yaro, na san duk wannan. Sai dai ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba ina sassaƙa.

Takun farko ƙafar ta shiga ƙasa kamar taƙi guda. Ya ja ta da ƙyar ya jefa iri. Da ya ɗaga ƙafarsa mai lafiya zai rufe, sai ƙarfen nan nawa mai kyau ya yi abin da aka ƙera shi ya yi, ya tsaga ƙasa ya nutse har kusa da maɗaurai. Ilu ya karkace, ƙoƙon ya kife, iri ya watse. Ya yi ƙoƙarin ja, ta ƙi. Sai da mutum biyu suka kama shi ta hammata suka kwance maɗauran suka ɗauke shi, ƙafar ta tsaya a tsakiyar kunya ita kaɗai, tuntayen suna lilo. Wani tsoho ya ce da an bar ta nan ko tsuntsaye ta kora. Wasu suka juya baya kafaɗunsu na rawa. Ni kuwa da rigar sallata na so a ce ni ne na nutse.

Bawa bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Ya tsuguna ya tsince irin da ya zube ɗaya bayan ɗaya ya mayar a ƙoƙo. Sannan ya ce wa ƙanensa, cikin taushin murya, danshi ba ya jiran kowa, in aka bari ya wuce sai dai a samu harawa babu ƙwaya. Zai ba shi zuwa ranar kasuwar Gwarzo, don ranar akwai motar da za ta shiga Kano, daga nan shi zai shuka. Kasuwar kuwa jibi ce. Ilu yana zaune a kan kunya, dungunsa a miƙe, ya kira ni da hannu. Bai ɗaga murya ba.

"Malam Haladu, ƙafar zuwa ɗaurin aure ka yi mini. Ni ta gona na roƙe ka."

Na tuge ƙafar kamar mai cirar rogo, na saɓa ta a kafaɗa, na kamo hanyar Gwarzo. Ban san abin da zan yi ba. In na yanke bakin ƙarfen, icen ma siriri ne, nutsewa zai yi. In na ce zan nemo wata gwafar in sake, kasuwa za ta ci ta watse ban gama fafewa ba. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga mutum zai rasa gonar ubansa ya koma miƙa hannu a bakin masallaci saboda ni na so a yaba mini zane.

Na iso rumfa da azahar, rai a ɓace, sai na tarar da mutumin nawa, raƙumin nan, ya zura wuya yana cin zanata hankali kwance. Ban san lokacin da na wurga masa ƙafar ba. Allah ya taimake ni ban iya jifa ba, ta wuce shi ta cake a ƙasa kusa da ƙafarsa ta gaba. Bayan rumfar nan rairayi ne, kuma ya jiƙe da ruwan jiya. Na zagaya in ɗauko, sai na tsaya. Ga icena, wanda bai kai nauyin taɓarya ba, ya shige ƙasa ya tsaya ƙyam. Ga kuma raƙumi, da buhunan taki a bayansa ba a ko sauke ba, yana tsaye a kan rairayin nan guda, tafinsa a baje a sama kamar gurasa. Da ya gyara tsayuwa ya ɗaga ƙafa, na ga sawun da ya bari bai fi zurfin faifai ba.

Na durƙusa a gabansa, abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Na lura in ya taka tafin yana buɗewa ya yi faɗi, in ya ɗaga ya tsuke, kuma ƙasansa ba tauri gare shi kamar kofato ba, laushi ne mai kauri. Na kai hannu in taɓa in ji. Shi kuwa ya ga abokin gabarsa ya kawo kansa, ya watso mini tuƙar bakinsa tun daga hula har gaban riga. Masu awo a sikeli suka yi ta dariya har da riƙe ciki, suna tambaya ko sulhu muke yi. Ban kula su ba, na share ido na shiga rumfa.

Na sa zarto na datse bakin ƙarfen na jefar. Na sassaƙa gindi mai faɗi kamar ƙaramin akushi a kife, na huda shi na zura ƙafar na ɗaure da igiyar ɗanyar fata, wadda in ta bushe take kamawa kamar ƙarfe. Na jawo tsohuwar tayar mota, ina tsoma wuƙa a ruwa ina yanka, na fitar da da'ira. Tsakanin ice da taya na ninka tsohon buhun gyaɗa don ta riƙa ɗan lotsawa, baduku ya ɗinke mini gefen. Tuntayen ma na tsinke su. Da na gama, abin ya fito mummuna ƙwarai, ba wanda zai gan shi ya tambayi wanda ya yi. Wannan karon ban nufi kasuwa ba. Na ɗaura ta na shiga wata gona da aka huɗe a bayan gari, na tsaya a kanta da ƙafa ɗaya kamar zalɓe, mai gonar yana daga nesa yana tambayar ko lafiya. Ba ta nutse ba.

Da sassafe na isa Madadi da tsohuwar riga. Mutane ba su taru kamar jiya ba, sai Bawa da 'yan tsofaffin ɗorawa. Ilu ya juya ƙafar ya dubi tafin, ya dube ni, sannan ya ɗaura. Ya shiga kunya, ta ɗauke shi. Sai dai garin tsoron nutsewa na zarce da faɗi, kowane taku gefen tayar sai ya bugi idon sawunsa mai lafiya, ya kuma rushe gefen kunya. Na fara kame-kame ina cewa zai saba. Ya ce in ba shi wuƙata. Ya zauna ya yanke gefen ciki da kansa, ya rage na baya, ya tashi ya gwada, ya sake zama ya ƙara ragewa, har ta yi masa yadda yake so. Sannan ya ɗauki ƙoƙo, ya jefa iri, ya tsaya a kan icen, ya turo ƙasa da dunduniya ya danne. Ya matsa gaba ya sake.

Tafiyar ba sauri, gumi yana zuba, amma bai tsaya ba har ya kai ƙarshen kunyoyin da aka sare jiya. Nan ramuka suka ƙare. Ya tsaya yana waige ko maƙwabcin nan mai sungumi yana kusa. Sai Bawa ya tuɓe rigarsa ya rataye a reshe, ya ɗauki sungumin da ke jingine, ya shiga gaban ƙanensa ya fara sara. Ilu ya bi bayansa yana jefawa yana rufewa. Maganar mota ba a sake tayar da ita ba. Na yi farin ciki a ranar irin wanda ban yi ba ko ranar da aka yaye ni.

Labari ya bazu. Aka riƙa zuwa daga Kutama da Kabo da ƙauyukan da ban taɓa takawa ba, wasu ƙafa, wasu sandar hammata suke so a sa mata irin wannan tafi don shiga gona. Na so ƙwarai a riƙa cewa ƙafar Haladu. Ko mutum ɗaya bai faɗa ba, kowa ya zo sai ya ce a yi masa ƙafar raƙumi. Da na je gaida Baba Ɗanlami na ba shi labari, ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce shi ya ce in ɗanɗana da jikina, amma bai zaci sai ya gaya mini a inda mai abin zai yi amfani da shi ba, ya ɗauka wannan ko jaki ya sani.

Daga baya shekarar wahala ta zo, fari ya biyo fari, ƙwarin darɓa suka kwantar da gyaɗa, sikeli ya rufe, motoci suka ɗauke ƙafa. Tsohuwar taya ta zama abin nema, har takalmana na yanka na yi wa wata tsohuwa tafin sanda. Mutane da yawa da na yi wa aiki na gan su da idona suna hawa mota zuwa birni da sandunan da na sassaƙa, kuma abin ya dame ni. Ilu bai tafi ba, ya koma gero da wake a gonar nan tasa, yana zuwa lokaci lokaci in canza masa tafi. Don haka ku masu walda, kafin ku watsa fenti, ku je ku ga ƙofar zauren da keken zai shiga da hanyar da zai bi zuwa kasuwa, ku hau ku murza a can.

Amma na tsallake kakar waccan shekara ta farko. Ina rumfa wata safiya ina fafe turmi, sai na ji taku a bayana, ɗaya na mutum ɗaya na taya. Malam Ilu ne, a ƙasa yake tafe yana kora jaki, tun daga Madadi. A kan jakin akwai ƙwarya cike da sabuwar gyaɗa, da wani ƙaton damin harawa kore shar wanda ya kusa rufe jakin. Muka gaisa, na tambayi Bawa da yara da amfanin gona, ya ce sai godiya. Ya sauke ƙwaryar ya ajiye a gabana. Na yi godiya, na ce amma harawar da bai wahalar da kansa ba, ni ko akuya ba ni da ita.

"Gyaɗar ce taka, Malam Haladu, ladan gizago," in ji shi. "Harawar ta malaminka ce."

Ya nuna bayan rumfa da haɓa. Ni na ɗauki damin a kaina na zagaya, ni na kwance masa shi da hannuna, masu awo suna kallo. Ya cinye tas bai ko dube ni ba, sannan ya miƙa wuya ya ci gaba da zanata.